IBNU KHALDUN: MALAMIN DA YA AUNA DAULOLI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Sau da yawa akan ji mutane suna gardama a kan wane irin mulki ne ya fi. Wannan ya ce na sarauta, wancan ya ce na zaɓe, wani ya ce na soja, wani kuma ya ce ai in dai an laƙaba wa gwamnati sunan Musulunci magana ta ƙare. Galibi akan tashi baram-baram, domin kowa da mudun da yake awo da shi, wani ma ba shi da mudun ko kaɗan, suna kawai ya riƙe. Alhali kuwa ba a cewa wannan hatsi ya fi wancan auki sai an auna su da mudu ɗaya.

Saboda haka a wannan mako za mu kawo tarihin wani malami wanda ya yi wa sarakuna masu yawa aiki, ya sha ɗaurinsu, ya ci kyautarsu, ya ga hawansu da saukarsu, sa'an nan ya koma gefe ya zauna ya tsara hanyar da za a bi a gwada wata daula da wata. Wannan malami shi ne Ibnu Khaldun, mai littafin nan da ake kira Muƙaddima.

ASALINSA DA KARATUNSA

Cikakken sunansa Abu Zaid Abdurrahman ɗan Muhammadu Ibnu Khaldun, ana kuma yi masa laƙabi da Waliyyuddin. An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga watan Ramadan, shekara ta 732 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1332. Asalin gidansu Larabawan Hadramaut ne na ƙasar Yaman, waɗanda suka shiga Andalus tun farkon zuwan Musulunci can, suka zauna a Ishbiliya cikin manyan gari. Da suka ga alamar birnin zai faɗa hannun Kiristoci, abin da kuwa ya auku a 1248, sai suka ƙetare teku, har suka yada zango a Tunis. Kakanninsa sun riƙe manyan muƙamai a fadar sarakunan Banu Hafs, amma mahaifinsa ya guji fada, ya rungumi karatu.

Yaron ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Hadisi da fiƙihun Malikiyya da Larabci da waƙoƙin Larabawa. A 1347 Sarkin Fas, Abul Hasan na Banu Marin, ya ci Tunis da yaƙi, ya zo da ayarin malamai a tare da shi. Cikinsu akwai Shaihu Al-Abili, wanda ya koya wa Ibnu Khaldun manɗiƙ da lissafi da falsafa, ya kuma saba masa da neman dalilin abu kafin ya gaskata shi. Ana cikin haka sai ga babbar annobar nan ta 1348, wadda ta yi wa duniya shara daga gabas har yamma. Ta ɗauke uwarsa da ubansa da malamansa da yawa, ta bar shi maraya yana ɗan shekara goma sha bakwai ko ƙasa da haka. Tun daga nan ya san cewa gari da mutanensa da mulkinsa duk suna iya juyewa a cikin shekara ɗaya.

YAWON FADOJI

Yana da kamar shekara ashirin ya sami aikin magatakarda a fadar Tunis. Aikinsa shi ne rubuta kalmar godiya ga Allah da manyan baƙaƙe a kan takardun sarki. Abin lura, sarkin da ake rubuta takardun da sunansa yaro ne, ainihin iko yana hannun wazirinsa Ibnu Tafrakin. Ke nan tun aikinsa na fari ya ga yadda suna yakan kasance wajen wani, iko kuma wajen wani.

Bai daɗe a nan ba. A 1354 ya isa Fas, ya shiga majalisar malaman Sarki Abu Inan. Bayan shekara uku aka zarge shi da haɗa baki da wani ɗan sarautar Banu Hafs da ke tsare a birnin, aka jefa shi kurkuku, ya yi kusan shekara biyu, bai fito ba sai da sarkin ya mutu a 1358. Da fitowarsa ya taimaki Abu Salim ya hau gadon sarauta, aka ba shi shugabancin magatakarda, daga baya kuma aka ba shi sauraron ƙarar waɗanda aka zalunta. Da aka kashe Abu Salim sai ya ƙetare zuwa Garnaɗa a 1362, inda Sarki Muhammadu na biyar da wazirinsa Ibnul Khaɗib suka karɓe shi hannu biyu. Daga nan aka aike shi jakada wurin Fedro, Sarkin Kastila, a Ishbiliya, watau garin kakanninsa. Fedro ya yi masa tayin ya zauna a mayar masa da dukiyar gidansu, ya ƙi.

Da zama ya yi tsami tsakaninsa da Ibnul Khaɗib, sai ya koma Bijaya, a ƙasar Aljeriya ta yau, a 1365. Abokinsa nan da aka ɗaure shi dominsa, Abu Abdullahi, shi ne ya zama sarkin garin, ya kuwa danƙa masa ragamar mulki gaba ɗaya. Da safe yana fada, da rana yana karantarwa a masallaci. Shekara guda kacal aka yi, ɗan'uwan sarkin, Abul Abbas, ya zo da yaƙi ya kashe shi, Ibnu Khaldun kuwa ya fita ya miƙa wa mai nasara garin. Daga nan ya yi kusan shekara tara yana kai da kawowa tsakanin Biskara da Tilimsan da Fas da Garnaɗa. Yawancin aikinsa a wannan lokaci shi ne shiga cikin ƙabilun Larabawa makiyaya yana nemo wa wannan sarki ko wancan goyon bayansu.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, masu tarihi da yawa sun zarge shi da saurin sauya ubangida, kuma zargin yana da tushe. Sai dai a wannan yawo ne ya san abin da mai zaman ɗaki da littafi ba zai sani ba. Ya kwana a fada, ya kwana a tanti. Ya ga da idonsa cewa sarkin da ke cikin benaye da alharini ba ya iya riƙe garinsa sai da yardar waɗansu mutane masu kwana a kan yashi. Gani kuwa ya kori ji.

SHEKARA HUƊU A KEƁE

A 1375 ya gaji. Abokinsa Ibnul Khaɗib an riga an shaƙe shi a kurkukun Fas. Sai ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka saukar da shi da iyalinsa a wani gida mai ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibni Salama, a yammacin Aljeriya. Ya yi kusan shekara huɗu a can, ba fada ba kasuwa. A nan ya fara babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar, ya kuma rubuta gabatarwarsa, watau Muƙaddima, cikin wata biyar a 1377, ko da yake ya yi ta gyara ta har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fara damunsa shi ne yadda masu tarihi suke kwasar labari ba tare da tacewa ba. Ya nuna cewa binciken masu ruwaya kaɗai ba ya isa a labarin dauloli, dole a fara tambaya ko abin da aka faɗa yana yiwuwa bisa ɗabi'ar zaman mutane. In an ce wata runduna ta kai dubu ɗari shida, sai a duba ko ƙasar tana iya ciyar da su, ko filin yana iya ɗaukarsu. Daga wannan sai ya ga akwai bukatar wani ilmi mai zaman kansa, wanda zai binciki yadda mutane suke taruwa, da yadda mulki yake tsirowa a cikinsu. Ya kira shi ilmin umran, watau ilmin zaman jama'a da rayuwar ƙasa.

Kafin shi an yi waɗanda suka gwada tsarin mulki iri iri, kowa da hanyarsa. Aristo na Yunan ya kasa gwamnatoci bisa yawan masu riƙe da iko, ko mutum ɗaya, ko 'yan kaɗan, ko jama'a da yawa, da kuma ko suna yi don amfanin kowa ko don kansu. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya zana birni nagari a cikin tunani, sa'an nan ya auna sauran birane da shi. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bi hanyar fiƙihu, ya jera sharuɗɗan shugaba da hukunce-hukuncen muƙamai. Akwai kuma masu littattafan nasiha ga sarakuna, irin su Aɗ-Ɗurɗushi mai Sirajul Muluk. Ibnu Khaldun ya san hanyar masu falsafa da ta masu fiƙihu da ta masu nasiha, bai kuwa raina su ba, amma ya ce birnin masu falsafa abu ne mai wuyar samuwa, su kansu bisa ƙaddarawa suke maganarsa. Shi abin da yake so shi ne ya binciki dauloli yadda suke a zahiri, da dalilin da ya sa suke haka.

MA'AUNI NA FARKO: WACE DOKA, DON AMFANIN WA?

Ya fara da cewa mutum ba ya iya rayuwa shi kaɗai, ko gurasar da zai ci a yini sai hannaye da yawa sun taru a kanta. In kuwa mutane suka taru, dole a sami mai tsawatarwa wanda zai hana wani cin wani. Wannan shi ne asalin mulki, kuma yana samuwa ga masu Littafi da waɗanda ba su da shi. A nan ya saɓa wa masu falsafar da suka ce zaman jama'a ba ya yiwuwa sai da annabci, ya nuna musu al'ummu masu yawa da suka kafa dauloli suka bar gine-gine alhali ba su bin wani littafi.

To, tun da mulki ruwan dare ne, da me za a bambanta wani da wani? Sai ya kasa shi uku, bisa ga dokar da ake ɗora jama'a a kanta. Na farko shi ne mulkin ɗabi'a, inda ake tilasta wa mutane bin son ran mai mulki da sha'awarsa. Irin wannan ba ya ƙarko, domin abin da sarki yake so yau ba shi zai so gobe ba, talakawa kuwa in nauyi ya fi ƙarfinsu sai bore. Na biyu shi ne mulkin siyasar hankali, inda masu hikima da manyan ƙasa suke tsara dokoki don jawo amfanin duniya da kau da cutarta, kamar yadda Farisawan dā suka yi. Wannan ma ya raba shi biyu, akwai wanda ake sa maslahar jama'a a gaba, akwai wanda ake sa maslahar sarki a gaba, ta jama'a ta biyo baya. Na uku shi ne halifanci, inda ake ɗora mutane a kan Shari'a don maslaharsu ta Lahira da ta duniya, shugaba kuwa wakili ne kawai mai tsaron addini da tafiyar da duniya da shi.

A matsayinsa na malamin Malikiyya bai yi shakka ba cewa na ukun shi ne mafifici. Amma ga inda ya yi wa masu riƙon suna hannunka mai sanda. Ya bi tarihin Musulmi ya nuna cewa halifanci ya ratsa matakai. A zamanin Halifofi Shiryayyu mai tsawatar wa kowane mutum yana cikin zuciyarsa, watau addini. Daga zamanin Mu'awiya zuwa na Abdulmalik da farkon Abbasawa har Haruna Rashid, halifanci da sarauta suka cuɗanya, ana neman gaskiya ana tsayar da Shari'a, amma mai tsawatarwa ya koma takobi da ƙarfin dangi. Daga baya ma'anar ta tafi, sunan kaɗai ya rage. Shi kansa ya tarar da ƙarshen wannan labari a Alƙahira, inda akwai halifa Ba'abbase da ake girmamawa don neman albarka, amma ba shi da ikon naɗa ko mai unguwa sai abin da sarkin Mamluk ya so.

Haka kuma ya yi da sunayen muƙamai. Ɗauki kalmar hajibi. A wurin Umayyawan Sham da Abbasawa, mai tsaron ƙofar halifa ne. A Andalus ya zama shugaban wazirai, har wani hajibi, Al-Mansur ɗan Abu Amir, ya mallake daular gaba ɗaya. A Tunis ya faro daga mai kula da gidan sarki ya zama mai juya ƙasa. A Masar kuwa wani hafsan soja ne mai zartar da hukunci tsakanin mutane, a ƙarƙashin mataimakin sarki. Kalma ɗaya ce, aiki huɗu. Wanda ya gwada dauloli da sunayen muƙamansu, ko ya auna zamanin da ya wuce da nasa ba tare da lura da canjin hali ba, ya yi kuskure tun daga tushe. Sarki goma, zamani goma.

MA'AUNI NA BIYU: ME YA ƊAURE MASU MULKI?

Doka ba ta tsayar da kanta, sai da ƙarfi a bayanta. Wannan ƙarfi shi ne abin da ya kira asabiyya, watau irin haɗin kan da yake sa mutum ya ji zafin abin da ya taɓa ɗan'uwansa har ya yarda ya mutu a kansa. Asalinta jini ne, amma tana samuwa ta hanyar ƙawance da wala'i da daɗewar zama tare. Ya san cewa Shari'a ta zargi asabiyya, sai ya bayyana cewa abin zargin shi ne a yi ta a kan ɓata da alfahari irin na Jahiliyya, amma in an juya ta wajen tsayar da gaskiya abin so ce. Da ita ma ya fassara sharaɗin nan na cewa halifa ya zama Baƙuraishe. A ganinsa hikimar ita ce a wancan zamani Ƙuraishawa ne kaɗai sauran Larabawa za su sallama wa.

Ya lura cewa asabiyya ta fi ƙarfi wurin mutanen daji da makiyaya, domin ba su da ganuwa ba su da dogarai, su ne masu tsaron kansu. In aka sami kiran addini ya haɗu da ita, sai hassada ta kau, zukata su fuskanci wuri ɗaya, 'yan kaɗan su rinjayi masu yawa, kamar yadda aka gani a Ƙadisiyya, da kuma tashin Murabiɗai da Muwahhidai a Magrib. Amma kuma ya yi gargaɗi mai zafi ga masu wa'azin da suke tashi su tunkari sarakuna ba tare da wani ƙarfi a bayansu ba. Ya kawo labarin waɗanda suka yi haka suka hallaka, suka hallakar da talakawan da suka bi su.

Da wannan ma'auni ya bayyana abin da ya sa Magrib take da wuyar mulki, Masar kuwa take da sauƙi. Magrib cike take da ƙabilu, kowace da asabiyyarta, in an kashe wutar wannan sai waccan ta kama. Masar kuwa a zamaninsa daga mai mulki sai talakawa, ba ƙabilun da za su ja da shi.

MA'AUNI NA UKU: SHEKARUN DAULA

Abu na uku shi ne cewa daula tana da shekaru kamar mutum, saboda haka ba daidai ba ne a gwada jaririyar daula da tsohuwa. Ya ce galibi ba ta wuce zuriya uku, kowace shekara 40, jimla 120. Zuriyar farko ta san wahala, ta kuma yi tarayya cikin ɗaukaka. Ta biyu ta koma birni da jin daɗi, amma ta ga iyayenta, da sauran abin tunawa. Ta uku ba ta san komai ba sai ni'ima, ta zama abin a tsare ta maimakon ta tsare wani.

Ya kuma jera matakai biyar. Da fari nasara, shugaba yana ɗaya daga cikin mutanensa. Sa'an nan ya keɓe da iko, ya ture 'yan'uwan da suka kafa daular da shi, ya jawo barori da sojan haya. Sai lokacin hutawa da tara dukiya da gine-gine. Sai lokacin wadar zuci da kwaikwayon magabata. Daga ƙarshe sai almubazzaranci, inda magaji yake rushe abin da kakanni suka gina, ya kewaye kansa da abokan banza.

Alamar da ta fi saurin nuna tsufan daula ita ce haraji. A farkonta abin da ake ɗora wa kowa kaɗan ne, amma abin da ake tarawa da yawa, domin mutane suna da kuzarin noma da fatauci. A ƙarshenta kuɗin alatu da albashin soja sun yi yawa, sai a ƙara haraji, a sa kuɗin fito a kasuwanni, har sarki ya shiga ciniki yana gasa da talakawansa. Daga nan manomi ya ga wahalarsa ba ta amfane shi ba, ya saki fartanya, taska ta ƙara bushewa. Ya kuma faɗaɗa ma'anar zalunci, ya sa ƙwace dukiya, da aikin tilas, da karɓar abin da Shari'a ba ta wajabta ba, da hana mai haƙƙi haƙƙinsa, duk a ciki. Ya ce hikimar haramta zalunci ita ce yana kashe fatan mutane, ƙasa ta zama kango, daular kuma ta bi ta.

MASAR DA TAIMUR

A 1378 ya koma Tunis don neman littattafai, amma bai ji daɗin zama da babban malamin garin, Ibnu Arafa, ba. A 1382 ya nemi izinin tafiya Hajji, ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya, bai sake komawa Magrib ba. Ya karantar a Azhar, Sarki Barƙuƙ ya ba shi makarantar Ƙamhiyya, kana a 1384 ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan Malikiyya. Ya tsananta wa masu shaidar zur da masu wasa da dukiyar waƙafi, bai karɓi ceton manya ba, nan da nan ya yi maƙiya. A wannan lokaci ne jirgin da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nitse kusa da Iskandariyya. Ya bar alƙalanci, ya sauke farali a 1387.

A Masar ya ga wani tsari da ya saɓa da na Magrib. Mamluk bayi ne da ake sayowa suna yara daga ƙasashen Turkawa da Sarkasawa, a musuluntar da su, a hore su, a 'yanta su, su zama sojoji da sarakuna. Ya ga cewa wannan hanya ce ta sabunta ƙarfin daula da sabon jini a kai a kai, kafin ni'ima ta lalata na gida. Amma a nan ma ya yi tuntuɓe. Da aka tumɓuke Barƙuƙ a 1389, yana cikin malaman da suka sa hannu a fatawar da aka rubuta a kansa. Da Barƙuƙ ya dawo mulki, ya nemi afuwa da hujjar tilasta su aka yi, duk da haka ya rasa wani muƙaminsa. Mutumin da ya fi kowa sanin haɗarin fada bai iya nisantarta ba.

A ƙarshen 1400 ya raka Sarki Faraj ɗan Barƙuƙ zuwa Dimashƙa don tarar Taimur Lang, wanda ya taso daga Samarƙand yana cin ƙasashe. Sarkin ya ji ƙishin-ƙishin ana shirya masa juyin mulki a gida, ya juya ya bar garin a kewaye. A watan Janairu 1401 aka zuro Ibnu Khaldun da igiya ta kan ganuwa, yana tsoho mai kusan shekara saba'in, ya je sansanin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana zuwa majalisarsa, suka yi zancen tarihi da asabiyya, ya kuma rubuta masa bayanin ƙasar Magrib bisa umarninsa. Ya samo wa waɗansu ma'aikata takardar aminci, amma bai iya hana a washe birnin ba, har wuta ta ci babban masallacin Umayyawa. Abin da ya rubuta a littafi, na yadda masu asabiyya daga daji suke faɗa wa birnin da ya tsufa, ga shi ya gani ƙuru-ƙuru.

LABARIN MALI, DA INDA AKA YI MASA GYARA

Mu mutanen Afirka ta Yamma muna cikin masu cin moriyar littafinsa, domin jerin sarakunan Mali da ya kawo yana cikin mafi ingancin abin da masu tarihi suke dogara da shi. Ya ba da labarin Hajjin Mansa Musa na 1324, da raƙumin dawan da aka kai wa Abu Salim kyauta a Fas daga Mali, jama'a suka yi dafifi wajen kallo. Ya tambayi mutanen da suka san ƙasar, har da wani malamin Gana mai suna Shaihu Usman da ya haɗu da shi a Alƙahira a 1394. Ya kuma kawo labarin Mari Jata, sarkin Mali da ya wawashe taska har ya sayar wa fataken Masar wani ƙaton dutsen zinariya na kakanninsa da araha, ciwon barci ya kashe shi, bayansa waziri ya mallake ɗansa. Wannan shi ne mataki na biyar da ya siffanta, ba ragi ba ƙari.

Duk da haka ba a ce bai yi kuskure ba. Ya ƙaryata tatsuniyar nan mai cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu, ya ce zafin rana ne sanadinta, wannan kuwa ya kyauta. Amma ya bi masu labarin ƙasa na dā wajen faɗin maganganu marasa daɗi game da baƙaƙen da ke can kudu, waɗanda bai taɓa zuwa ƙasarsu ba, ya saɓa wa ƙa'idarsa ta tace labari. Haka nan shekara 120 ba doka ba ce. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta wuce shekara 600 kafin ta faɗi a 1922, gidan Saifawa na Kanem da Barno kuwa ya wuce 700 kafin ya ƙare a 1846. Shi ma dai ya ce daula takan wuce wa'adin in ba a sami mai ture ta ba. Yawancin misalansa daga Magrib ya ɗebo su, ba kuwa kowace ƙasa ce Magrib ba.

RASUWARSA

Sau shida ana naɗa shi alƙalanci a Masar, na ƙarshen kwanaki kaɗan kafin ajalinsa. Ya rasu a Alƙahira cikin watan Ramadan, shekara ta 808, watau Maris 1406, aka binne shi a maƙabartar Sufaye da ke bayan ƙofar Babun Nasr. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu wurinsa akwai Al-Maƙrizi, mai tarihin Masar. Daga baya malaman Turkawa suka rungumi Muƙaddima suna neman dalilin raunin daularsu a cikinta, har aka fassara ta da Turkanci. An buga Larabcinta a Faris a 1858, aka fassara ta da Faransanci, kana da Ingilishi a 1958, yau kuwa ana karanta ta a jami'o'in duniya a sashen tarihi da siyasa da tattalin arziki.

To, 'yan'uwa, in gardamar nan ta sake tashi a gabanmu, kafin mu yanke hukunci da jin suna, sai mu yi tambayoyin da wannan bawan Allah ya koya mana. Wace doka ake bi a aikace, kuma wa take amfana? Me ya haɗa masu riƙe da ikon, gaskiya ko ganima? Harajin da ake karɓa yana ƙara wa manomi da ɗan kasuwa kuzari ne, ko yana sa su nade hannu? Ɗalibanmu na Larabci kuma muna ba su shawara su nemi Muƙaddima su karanta ta a gaban malami, musamman babi na uku da ke magana a kan dauloli da halifanci, domin Larabcinta yana da zurfi, ba a yi mata karatun gaggawa.

Allah Ya ji ƙan Ibnu Khaldun, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma Ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.